Mutum Ɗari Uku da Tamanin da Huɗu na Dakta Eulogio

Ku gyara zama ku ji ɓarnar da mutum ɗaya ya yi mana da biro da takarda.

Mu mutanen San Roque ba mu iya zama lafiya ba, kuma ba mu iya faɗa mai dalili ba. Kaza ta tsallaka shinge, rigima. Rediyon maƙwabci ya cika ƙara, rigima. In ya rage ƙarar, a ce so yake ya ji hirar gidan mutane, wata rigimar. Ba don Doña Petronila ba, da tuni an daina gaisuwa a garin.

Doña Petronila tsohuwa ce 'yar shekara saba'in da huɗu, gajeriya, mai teburin sulhu a barandar ofishin magajin gari. Dabararta guda ce. In masu faɗa suka zo suna huci, sai ta miƙa wa kowa kofi mai zafin gaske, ta ce babu mai magana sai ya shanye. Kafin su gama hurawa da kurɓa, rabin fushin ya tafi. Sauran rabin ta ji da shi, sannan ta rubuta sunayensu a wani babban littafi mai baƙin bango.

Ana nan sai ga takarda daga hukumar lardi. Wai teburin sulhu ɗaya za a bari tsakanin San Roque da Palomar, garin da ke tsallaken kogi. Kowane gari ya yi bincike ya nuna yadda sulhu ke aiki a wurinsa, nan da mako biyar wata Dakta Leonor Quintero za ta zo ta duba. Wanda ya faɗi, mutanensa su riƙa hawa kwalekwale suna kai ƙara can. Mu! Mu kwashi asirinmu mu kai wa mutanen Palomar, waɗanda har yau suke mana dariya saboda golanmu ya taɓa cin gidansa!

Magajin gari, Don Fulgencio, ya tara mutane a makaranta ya karanta takardar. Da ya zo layin ƙarshe sai ya sassauta murya: "A fayyace al'ummar bincike, a kuma bayyana girman samfuri."

Can wata mata daga baya ta ce, "Samfurin me? Shinkafa za a raba?"

Nan Eulogio Barrios ya miƙe yana gyara farar kwat ɗinsa, a zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga hatimi a gidan waya. Da ya yi ritaya sai ya je wata bita ta kwana uku a birni kan hanyoyin bincike. Ranar farko ya zauna a kujerar gaba. Rana ta biyu soyayyen kifi ya ɓata masa ciki, ya wuni a masauki. Rana ta uku ya je ya karɓi takardar shaida da wani ɗan littafi, aka yi hoto. Tun daga ranar, in ba ka ce masa Dakta ba, ba ya juyowa.

"Jama'a," in ji shi, "ku kwantar da hankalinku. Abin da ya ruɗa ku ɗin nan, ni shi nake karya kumallo da shi. Al'ummar bincike ita ce duk mutanen da abin ya shafa. Samfuri shi ne 'yan kaɗan da za a tsamo a tambaya a madadin sauran. Ku ba ni mako uku. Mutanen Palomar da kansu za su hayo kogi su roƙe ni in koya musu."

Aka yi tafi. Doña Petronila kaɗai ce ba ta tafa ba.

Da ya koma gida ya baje ɗan littafinsa a teburin kicin, ya ture kwandon rogon da matarsa Herminia ke ferewa. Ya danna kalkuleta, ya goge, ya sake dannawa, sannan ya buga tebur.

"Ɗari uku da tamanin da huɗu!"

"Na me?" in ji Herminia.

"Mutanen da zan tambaya. Ga shi nan a shafi na sha ɗaya, baƙi a kan fari. Kowane bincike na ƙwarai, ɗari uku da tamanin da huɗu yake buƙata."

"Eulogio, manyan garin nan gaba ɗaya, har da kai, har da tsohon nan da ba ya ji, ɗari uku da goma ne."

"Wannan matsalar garin ce, ba ta kimiyya ba."

"Ba ka ce 'yan kaɗan ake tsamowa ba?"

"Herminia, kin taɓa zuwa bita?"

"A'a. Amma kai ma kwana ɗaya ka yi, ni na dafa maka ganyen gwaiba da ka dawo."

Ya tattara takardunsa ya koma baranda, inda ilimi ke da daraja.

Washegari ya je wurin Doña Petronila ya nemi baƙin littafin. Ya ƙirga sunaye, ya sake ƙirgawa. Mutum ɗari da ashirin ne suka zo sulhu a shekara uku.

"Shi ke nan?" ya ce. "Doña Petronila, ai kin yi sakaci. Gari kamar wannan?"

"Ɗana," ta ce, domin ita ba ta taɓa ce masa Dakta ba, ta san shi tun yana yawo ba wando, "waɗannan ne suka zo. Ka tambaye su a hankali, ɗaya bayan ɗaya, a keɓe. Abin da wani ya faɗa maka, ka haɗiye shi."

"Wannan ai darasin ranar farko ne," in ji shi.

Ya fara da Anselmo mai aski. Anselmo da maƙwabcinsa Nicanor masunci sun shekara bakwai suna faɗa kan wani mangwaro da saiwarsa ke gidan Nicanor, rassansa kuma suka leƙa gidan Anselmo. Doña Petronila ta raba gardamar da cewa duk wanda ya faɗo a gidanka naka ne. Shekara biyu ke nan suna buga domino tare kowace Lahadi.

Eulogio ya zauna a shagon aski ya karanto tambaya ta bakwai, wadda shi ya ƙirƙiro ta kuma yake ji da ita: "A ganinka, wa ya fi cin riba a sulhun?"

Anselmo ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya. "Tsakanina da kai, Dakta? Ni ne. Iska daga kogi take kaɗowa, duk manyan a gidana suke faɗowa. In ba iska kuma, ina da gora mai tsawo."

Eulogio ya rubuta har da gorar. Ya zaga gidan Nicanor, ya same shi yana ɗinkin koma.

"Wa ya fi cin riba?" in ji Nicanor. "Ai babu. Adalci aka yi mana."

"Ka tabbata? Ka yi tunani da kyau, domin amsarka ba ta yi daidai da ta ɗaya ɓangaren ba."

"Me ya ce?"

"Ba zan iya faɗa ba, sirri ne. Ko da za ka yanka ni ba zan ambaci gorar ba."

Nicanor ya ajiye komar a hankali. "Wace gora?"

Kafin Eulogio ya rufe biro, Nicanor yana kan bishiya da adda yana saran rassan da suka leƙa gidan Anselmo. Anselmo ya fito da gudu, ya bar wani bawan Allah a kujera da rabin gemu, yana ihu, "Compadre, aminina! Ɗanka na riƙe a coci ranar da aka yi masa baftisma!"

"Da gora ka riƙe shi?" in ji Nicanor daga sama.

Eulogio ya ja baya don kada reshe ya same shi, ya rubuta a gefen takarda: "Mutane suna amsawa da ƙwazo."

A mako guda ya gama da mutum ɗari da ashirin ɗin, kuma da wuya a ce akwai gidan da ya bari yadda ya same shi. Shingen da aka daidaita bara ya tashi. Wasu 'yan'uwa biyu da suka raba gadon keken ɗinki suka dawo kowa na riƙe da ƙafa ɗaya. Layin da ke gaban Doña Petronila ya kai bakin titi, kofi ya ƙare a kanti. Shi kuwa abin da ya hana shi sukuni daban ne: saura mutum ɗari biyu da sittin da huɗu.

"Kuskuren a wurin ma'ana yake," ya gaya wa Herminia. "Na matse al'ummar da yawa. Rigima ba sai an je gaban tebur ba. Duk wanda ya taɓa harara ko tsaki, ya shiga."

"To ka sa ni a farko," ta ce, "ga tsakin ma." Ta yi shi, mai tsawo.

Ya ari lasifikar mai tallan ayaba ya zaga gari yana shela: duk mai rigima da wani, sabuwa ko tsohuwa, ya zo makaranta a rubuta sunansa. Ya zauna tun safe har rana ta take. Ba wanda ya zo. Mutumin San Roque zai iya zagin maƙwabcinsa a tsakiyar kasuwa, amma a ce ya zo ya sa hannu cewa shi mafaɗaci ne? Ina! Mu ai mutanen kirki ne.

Ba a san bakin da ya fara faɗa ba, Eulogio dai ya rantse ba nasa ba ne, amma da yamma sai labari ya zaga cewa duk wanda sunansa ya shiga bincike, hukuma za ta ba shi kwanon rufi. Washegari kafin ya iso, layi ya zagaye makaranta sau biyu.

Wasu aminai biyu, Tránsito da Eduviges, waɗanda tun suna 'yan mata ba a taɓa jin kansu ba, suka iso gaban tebur riƙe da hannun juna.

"Da wa kuke rigima?" in ji Eulogio.

"Da juna," suka ce tare, suna murmushi.

"A kan me?"

Suka dubi juna. Tránsito ta ce, "Comadre, ƙawata, ki ce kawai na sace miki kaza."

"To. Ta sace mini kaza, Dakta. Jar nan mai wuya ba gashi."

Murmushin Tránsito ya ɗan ragu. "Me ya sa kika ce ja? Ai cewa na yi kaza kawai."

"Don ita ce ta ɓata bara. Ranar kuwa na ji ƙamshin farfesu daga wani gida."

"Wane gida?"

"Ni dai ban kama suna ba."

"Shekara guda kina cin abincina da wannan a cikinki, munafuka?"

Da ƙyar aka ɓamɓare hannun ɗaya daga gashin ɗaya. Eulogio ya rubuta su duka biyun, ya ce, "Na gaba!"

Haka aka wuni. Duk wanda ya zo da rigimar ƙarya ya koma da ta gaskiya. Da ya haɗa jimla, ya sami ɗari uku da ɗaya, har da shi kansa. Mutum tara ne kawai suka ƙi: Doña Petronila, fadan coci, wasu tsofaffi shida da ba sa tashi daga gado, da Herminia, wadda ta ce in ta ga sunanta a takardar nan zai sani.

Saura tamanin da uku, gari kuma ya ƙare.

Sai dabara ta zo masa. Ya hau kwalekwale ya tsallaka Palomar, ya sami dattawansu a ƙarƙashin inuwa suna shan iska. Ya yi musu bayani cikin natsuwa cewa yana neman aron mafaɗata tamanin da uku, na kwana ɗaya tak, zai dawo da su lafiya.

Wani tsoho ya cire hularsa ya sosa kai. "Wato ku mutanen San Roque kun cinye rigimarku har kun fito aro?"

"Buƙata ce ta kimiyya."

"Ka gaishe da golanku," in ji tsohon. "Ka ce masa mun ga ƙaninsa a wauta."

Dariyarsu ta raka shi har bakin ruwa. Sai da kwalekwale ya kusa gaɓarmu sannan amsar da ta dace ta faɗo masa. Ya miƙe tsaye ya juya don ya ƙwala musu ita, kwalekwale ya karkata, Dakta ya tafi cikin kogi da kwat da takalmi, hannu ɗaya a sama riƙe da jakar takardu. Nicanor ne ya kamo shi ta ƙeyar kwat ya jawo shi cikin nasa jirgin, ya zube shi kan kifi.

"Ka rubuta," in ji Nicanor, "wa ya tsamo ka, ni ko mai gora."

Duk wani mai hankali da ya tsaya a nan. Eulogio ya shanya kwat, ya nufi maƙabarta da littafin rubutu. Hujjarsa kuwa, in ka ji ta daga bakinsa, sai ka rasa ta inda za ka kama: rigimar gado wa ke haddasa ta in ba mamaci ba? To ta yaya za a bar shi a waje? Ya bi kaburbura ya kwafo sunaye saba'in. Ya ɗauki mutum goma sha ɗaya da suka fi kowa fitina ya rubuta su sau bibbiyu, sau ɗaya a masu ƙara, sau ɗaya a waɗanda ake ƙara. Ɗari uku da tamanin da biyu. Ya tuna jakin fada, Canelo, wanda ya taɓa cinye rigar wata amarya a kan igiyar shanya har maganar ta je gaban tebur. Ya sa shi. Saura ɗaya.

Ya daɗe yana kallon ƙofar kicin, inda yake jin Herminia na dakan masara. Sannan ya kare takardar da hannunsa kamar ɗan makaranta a jarrabawa, ya rubuta.

Ranar zuwan Dakta Quintero aka share dandali, aka jera kujerun makaranta. Gari ya fito kaf, sai dai kowa ya zauna nesa da kowa, har kujeru suka yi kaɗan don yawan gurbin da ake bari. Ita kuwa Daktar, sai ga wata siririyar mata 'yar shekara talatin da wani abu, da tabarau da takalmin roba, ta sauko daga motar haya riƙe da jakarta. Eulogio ya dube ta sama da ƙasa ya raɗa wa magajin gari, "Yarinya ce. Zan bi da ita a hankali."

Ya hau dandamali ya karɓi lasifika. A gabansa an ajiye babbar tukunyar da ake dafa farfesun bikin waliyyin gari, cike da ƙananan takardu a naɗe.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "kin san, ko kuma za ki sani in kin ƙara daɗewa a aikin, cewa samfuri ba a zaɓensa da son rai. Ƙuri'a ake yi. Ga al'ummata a tukunya, mutum ɗari uku da tamanin da huɗu. Yanzu a gabanki za a zaro samfuri."

"Guda nawa za a zaro?" ta tambaya.

"Ɗari uku da tamanin da huɗu."

Ta cire tabarau ta goge. "Daga cikin ɗari uku da tamanin da huɗu?"

"Amma ba tare da son rai ba," in ji shi.

Herminia ta ɗaga murya daga kujerar gaba, "Ka kifar da tukunyar mana, mu je mu ɗora abinci!"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙa wa Don Fulgencio lasifika don a ga babu hannunsa a ciki. Abin da ya manta shi ne, a kowace takarda, ƙarƙashin suna, ya rubuta rigimar mutum da kuma nasa sharhin. Don Fulgencio kuwa mutum ne da in ka ba shi takarda sai ya karanta har lambar shafi.

"Na ɗaya. Anselmo mai aski. Mangwaro. Ya amsa laifin gora, ya kuma ce Nicanor yana ha'inci a domino."

Nicanor ya miƙe. Aka zaunar da shi.

"Na biyu. Casimiro Ortega. Rigimar gona."

Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta dafe ƙirji. "Casimiro? Casimiro nawa? Shekara tara da binne shi!"

"An neme shi bai amsa ba," Don Fulgencio ya ƙarasa karantawa. "An ɗauka ya gamsu."

"Bai taɓa gamsuwa da komai ba yana raye!" in ji tsohuwar. "Kai, wa ya ba ka izinin ka je masa ba tare da ni ba?"

Dakta Quintero ta daina rubutu.

"Na uku. Eduviges. Kaza. Ta ce ba kaza kaɗai Tránsito ta taɓa ɗauke mata ba, har da saurayi a shekarun baya." Mijin Tránsito ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa, alhali silifa ne a ƙafarsa.

"Na huɗu. Canelo."

"Canelo wa?" in ji Daktar. "Ba shi da sunan mahaifi?"

Fada ya yi tari. "Jakina ne, 'yata."

"Bai nuna nadama ba," in ji Don Fulgencio, yana bin layi da yatsa.

Dariya ta fara daga baya ta taho gaba. Eulogio ya miƙa hannu zai karɓe lasifika, amma magajin gari ya riga ya warware ta biyar.

"Herminia de Barrios. Rigima ta dindindin da mijinta, mutum mai ilimi da haƙuri. Ba ta gamsuwa da sulhu. Tana katse magana. Miyarta ta cika gishiri, amma ba a iya faɗa mata."

Daga bayan coci aka ji kukan Canelo. Herminia ba ta yi ihu ba. Ta miƙe, ta gyara siket, ta hau dandamali, ta ɗauki tukunyar da hannu biyu ta kife ta a kan mijinta. Takardu suka watsu, iska ta kwashe su ta raba wa jama'a. Kowa ya cafi ɗaya ya buɗe, kowa kuma ya ci karo da abin da wani ya faɗa a kan wani. Minti biyu ba a yi ba, kujerun makaranta sun tashi sama. Masu keken ɗinki suka sami juna. Nicanor ya bi Anselmo suna zagaya mutum-mutumin da ke tsakiyar dandali. Matar marigayi Casimiro tana dukan duk wanda ya gifta da lema.

Eulogio ya ɗaga tukunyar daga kansa sai ya ga Dakta Quintero tsugune a gefensa, ta tsinci ɗan littafinsa na bita.

"Don Eulogio," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "lambar nan ta shafi na sha ɗaya, ta gari ce mai mutane dubbai da ba a iya ƙirgawa. Ka juya shafi na sha biyu?"

"Shafi na sha biyu," ya ce a hankali, "darasin rana ta biyu ne."

Ta juya masa. Ga jadawali nan ƙarara. Ta ɗora yatsa. "Mutum nawa ne a littafin mai sulhu?"

"Ɗari da ashirin."

"Su ne al'ummarka. Casa'in da biyu za ka tambaya. Aikin mako guda."

Ya dubi jadawalin, ya dubi dandali inda wani takalmi ke shawagi a sama, ya ce, "To ai na wuce abin da ake buƙata."

Ƙarar ludayi a gindin tukunya ce ta tsayar da faɗan. Doña Petronila ce, ta hau kan kujera don a gan ta. Ba ta da kofin da zai ishi mutum ɗari uku, don haka ta yi tambaya ɗaya.

"Wata biyu da suka wuce, Nicanor, da wa kake buga domino?"

"Da wancan ɓarawon."

"Tránsito, wa ta yi miki jinya da kika karye?"

Tránsito ta saki kwalar Eduviges.

"To wa ya shiga gidajenku da biro?"

Kawuna ɗari uku suka juya wuri ɗaya. Eulogio ya ce shi kansa ya waiwaya bayansa don ya ga wa ake kallo. Tun da aka kafa San Roque ba a taɓa samun bakinmu ya zo ɗaya irin na ranar ba. Nan take aka shigar da ƙara, gari gaba ɗaya a gefe guda, Eulogio a ɗaya gefen, aka kuma yi zaman a wurin, Daktar na kallo tana rubutu da sauri.

Hukuncin Doña Petronila gajere ne. Zai bi gida-gida ya ba da haƙuri, ya dasa wa Nicanor da Anselmo sabon mangwaro a kan iyaka daidai, ya saya wa Eduviges jar kaza, ya kai furanni kaburbura saba'in.

Eulogio ya ɗaga yatsa. "Doña Petronila, a kimiyance ba sai na je kowane gida ba. In aka duba shafi na sha biyu..."

"Duka, ɗana. Ka fara da naka."

Nasa ya fi ɗaukar lokaci. Kwana tara yana cin abinci ba gishiri ko ƙwaya, Herminia na zaune gabansa tana tambaya ko ya gamsu sosai, ko ya gamsu kaɗan, ko bai gamsu ba. Sauran gidajen kuwa, duk inda ya shiga sai an zaunar da shi an kira maƙwabcin da ake gaba da shi ya zo ya taya su dariya. Da haka aka shirya, gida bayan gida, a kan wuyansa. Shi ma tun yana ɓata rai har ya koma shi ke ba da labarin, yana kwaikwayon yadda ya faɗa kogi.

Bayan wata guda amsa ta zo. Don Fulgencio ya kawo ta shagon aski, inda ya san zai sami mutane, ya tarar da Eulogio kwance a kujera, fuska cike da kumfa, Anselmo na wasa aska. An bar tebur a San Roque. Daktar ta rubuta cewa binciken garin ba ya amfanuwa ta kowace fuska, amma ta ga tsohuwa ɗaya ta kashe faɗan mutum ɗari uku da ludayi, kuma ba ta ga garin da ya fi wannan buƙatar teburin sulhu ba. Muka yi ta tafi, ba wanda ya tsaya tunanin ko yabo ne.

"Akwai saura," in ji Don Fulgencio. "Hukuma na son a sake wani binciken baɗi, a ga ko sulhun ya ɗore. A nemi wanda ya san aikin."

Eulogio ya yi gyaran murya, ya dafa hannun kujera, ya fara ɗagowa.

Anselmo ya ɗora masa askar a maƙogwaro, a hankali, cikin ladabi.

"Kwanta, Dakta," ya ce. "Yau hannuna rawa yake yi."